Idan Outlook Yana Buɗe Taga Biyu Da Kunna Kwamfuta

Idan Outlook, manhajar imel, ya buɗe taga biyu da zarar an kunna kwamfuta, ana iya ɗauka bairos ne. Galibi ba shi ba ne, wurare biyu ne ke kiran manhajar lokaci guda.

Danna maɓallin Windows da R, rubuta shell:startup, ka danna Enter. Foldar Startup za ta buɗe, wato inda ake ajiye manhajojin da ke tashi da kunna kwamfuta. In ka ga gajeriyar hanyar (shortcut) Outlook biyu a ciki, goge ɗaya. Daga nan shiga Settings, Accounts, Sign-in options, ka kashe zaɓin da ke sake buɗe manhajoji bayan shiga, domin shi ke dawo da abin da aka bari a buɗe, foldar Startup kuma ta ƙaro wata tagar.

In abin ya ƙi, buɗe Properties na gajeriyar hanyar, ka ƙara /recycle a ƙarshen layin Target, da tazara ɗaya kafinsa. Wannan yana sa Outlook ya yi amfani da tagar da ke nan.