Kama da Wane Ba Ta Wane: Ranar da Na Sauya Ƙwaƙwalwar Famfo

Gonar kawuna tana wajen Kura, can ƙarshen da ruwan Tiga ba ya isowa a kan kari, shi ya sa ya haƙa burtsatse ya sa famfo mai sola. Ni na haɗa masa 'yar na'urar da ke kunna famfon, ta kashe shi idan tanki ya cika ko rijiya ta ja baya. Ƙwaƙwalwarta, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa ta, STM32F103 ce (F103 a taƙaice), a kan shuɗin allon nan da ake kira Blue Pill. Rani biyu tana aiki lafiya lau.

A 2021, lokacin da irin waɗannan kaya suka yi ƙaranci a duniya, wani dattijo maƙwabcin Kawu ya ce in yi masa irinta. F103 ta yi mini tsada, sai na sayi F411. Kamfani ɗaya, dukansu a kan ƙirar kamfanin ARM, waccan Cortex-M3, wannan Cortex-M4. Na ɗauka zuba manhajar kawai zan yi in tashi.

Yadda ake saita ƙafafunsu, wato wuraren da ake jona musu wayoyi, ya bambanta, amma wannan bai wahalar da ni ba, don kwamfuta ta nuna mini layukan da ta ƙi karɓa na gyara. Wanda ya yi shiru shi ne ya ba ni wuya. Na tsara famfo ya huta minti 10 idan ruwa ya ja baya, kuma da saurin bugun agogon cikin F103 na ƙirga lokacin, wato 72 MHz. F411 kuwa na ɗora ta a kan 100. Minti goman ya koma bakwai da 'yan daƙiƙai. Famfo ya riƙa tashi tun rijiya ba ta gama tara ruwa ba, yana shaƙar iska yana kuka. Dattijon ne ya gane da kunnensa.

"Ɗana, injin nan naka gaggawa yake yi."

"Baba, a yi mini haƙuri, gobe da sassafe ina nan."

Na gyara wannan, sai babba ta fito. F103 tana goge ma'ajiyarta shafi-shafi, kowane kilobait 1, a nan nake ajiye saitin manomi. F411 ba ta goge ƙasa da kilobait 16, kuma ƙananan sassan suna farko ne, inda manhajar kanta take zaune. Muna sauya saiti, ta share wani ɓangaren kanta ta ɗauke wuta. A ranar kwamin albasar dattijon har ya fara tsagewa, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai, don amana ya ba ni. A gindin mangwaro na zauna da laftof da ST-Link, 'yar na'urar da ake zuba manhaja da ita, na sake zuba mata.

Tun daga nan na raba manhajar gida biyu. Lissafin ruwa da lokaci yana gefe guda, abin da ya taɓa ƙafafu da agogo da ma'ajiya kuma kowace ƙwaƙwalwa da nata fayil. Kafin in kai gona, sai ta kwana uku a tsakar gidanmu da bokiti biyu, ina bin ta da agogon waya.