Darussa daga aikin ciro ƙurar fure a jikin ƙwari

Ana ciro ƙurar ne don a gane furannin da ƙwaro ya sauka a kai. Yawancin kurakuran wannan aiki a gona ake tafka su, tun kafin a kai ga na'urar hangen ƙananan abubuwa. Idan aka tara ƙudan zuma biyar a kwalba ɗaya, ƙurar wannan ta shafi wancan, sakamakon ya lalace ke nan, kuma ba yadda za a yi a gane daga baya. Kowane ƙwaro da 'yar kwalbarsa, a rubuta rana, wuri da furen da aka kama shi a kai. A kashe shi a firiza. Kada a tsoma shi cikin etanol, wato sifirit, don yana wanke ƙurar.

Kafin komai, a cire ƙafafun baya na ƙudan zuma a ajiye daban. Ƙurar da ya dunƙule a can guzuri ce ta gida, ya cuɗa ta da ruwan fure, da wuya ta yi wa wani fure barbara. Wadda ke maƙale a gashin kai, ƙirji da ƙasan ciki ita ake nema.

Haɗin da aka saba ciro ƙurar da shi, wanda ke daskarewa in ya huce: ruwa tatacce mililita 175, gilisarin mililita 150, jelatin giram 50, da ɗan rinin fuksin. Nan hannu ke yawan zarcewa. Ruwan hoda mai haske ake so. In ya yi ja wur, ƙwayoyin ƙurar su rine har zanen bayansu da ramukansu su ɓace, alhali da su ake tantancewa. A yanki ɗan guntun haɗin kamar milimita 2, a ɗauka da hantsaki a dinga dangwala shi a jikin ƙwaron, a ɗora kan gilashi, a narkar da wuta kaɗan-kaɗan. Da ya tafasa sai kumfa ta cika shi. A rufe da siririn gilashi, a liƙe gefuna da jan farce marar launi. A goge hantsaki da etanol bayan kowane ƙwaro.

Zafin bazara na narkar da haɗin, ƙwayoyin su gangara gefe, don haka a ajiye gilasan a kwance cikin sanyi. Da hunturu kuwa a rufe tagogi saboda ƙura.

In na'urar ta ƙara girma sau 400, ƙurar kuɓewa da ta auduga manya ce masu ƙayoyi, ta bagaruwa a dunƙule take zuwa, amma bununin gero da na ciyawa sai ka rantse ɗaya ne. Shi ya sa dole a haɗa gilasan kwatanci daga furannin wannan gonar a wannan lokacin.