Kunu kafin awo

Yau na wuni a bankin cimaka na unguwarmu a Tawa. Da, tiyar hatsi kawai muke auna wa mata, kowace ta kama gabanta. Bana kafin awo sai an dama kunu a gaban kowa: garin hatsi da na wake, ɗan tunkuzar gujiya, a barbaɗa zogale.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗiyata, wake ga yaron wata 7? Cikinsa zai kumbura!" Sai da jikanta ya lashe ludayi ta yi shiru.

Amma awon dantse ne ya tsaya mini a rai, wato auna kaurin dantsen yara da ma'auni mai launuka don a gane yaron da ba ya samun isasshen abinci. Yara biyu awonsu ya faɗa launin ja, ƙasa da santimita 11 da rabi. Tamowa. Mun raka su likita kafin azahar.