Laraba: sinadarai uku da kaluluwar farko

Aikin yau ya tafi ne kan sinadarin da za a yi wa masu tiyatar gobe allura domin gano kaluluwar farko, wato wadda ruwan jiki daga wurin ƙari ke fara isa gare ta. Biyu masu sankarar mama ne, ɗaya kuma ƙarin nasa a ƙarƙashin harshe yake.

Duka sinadaran ukun da ke hannu suna ɗauke da teknishiyam-99m, sinadari mai fitar da hasken radiyeshan da na'ura ke iya ganowa, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk awa 6. Bambancinsu a girman ƙwaya ne, kuma shi ke tsara lokacin komai. Salfa kolod, wanda aka saba da shi a Amurka, ƙwayoyinsa kan kai ɗaruruwan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), shi ya sa ake ratsa shi ta matata mai maikuron 0.22, wato nanomita 220. In ba a tace ba, mafi yawansa yana tsayawa inda aka soka allura, hoto ya yi jinkiri. Haɗa shi ma sai an dafa kwalbar a tafasasshen ruwa, kuma marasa lafiya kan koka da raɗaɗin allurarsa. Nanokolod na albumin, na Turai, kusan duk ƙwayoyinsa ba su wuce nanomita 80 ba. Yana tafiya da sauri, amma wani ɓangarensa kan zarce zuwa kaluluwa ta biyu da ta uku, sai likitan tiyata ya cire fiye da abin da ake buƙata.

Tilmanosef, mai sunan kasuwa Lymphoseek, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2013, aikinsa daban ne. Kusan nanomita 7 ne kawai, kuma yana manne wa wani mariƙi mai suna CD206 da ke jikin makrofaj, ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin kaluluwa. Saboda haka yana barin wurin allura da wuri, ya kuma zauna inda ya sauka. Ga tiyatar rana ɗaya, maikurogiram 50 ake bayarwa da ƙarfin radiyeshan megabekarel 18.5.

A ganina, mai ƙarin ƙarƙashin harshe shi ya fi cancantar tilmanosef. Kaluluwar ƙarƙashin haɓa tana dab da wurin allura, har hasken wurin allurar kan rufe ta a kyamarar gama mai ɗaukar hoton radiyeshan, ya kuma ruɗe na'urar hannu mai ƙirga shi lokacin tiyata. Sinadarin da ke share wurin da sauri yana rage wannan haɗari, ko da yake ba ya hana a ƙara da hoton SPECT/CT, wanda ke haɗa hoton radiyeshan da na sassan jiki. Ga sankarar mama kuwa, hammata na da ɗan nisa da ƙarin, nanokolod ya wadatar, tsadar tilmanosef ba ta da hujja mai ƙarfi a nan.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne lissafin lokaci. Allurar ƙarfe 2 na rana, tiyata ƙarfe 8 na safe, awa 18 ke nan, kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin ne zai saura. Dole a ƙara adadin tun daga farko. A auna sirinjin bayan allura kuma, domin kolod yana maƙalewa a jikinsa. A ɗakin tiyata, duk kaluluwar da ƙirgenta ya kai kashi 10 cikin 100 na wadda ta fi duka yawan ƙirgen radiyeshan, ita ma a cire ta.