Yadda Nebraska ta faɗi, da abin da Alabama ta yi ta dawo

Duk wanda ya fara kallon ƙwallon jami'o'in Amurka a 'yan shekarun nan, wannan da ake rungumar ƙwallo a hannu ana karo da kafaɗa, idan na ce masa akwai lokacin da sunan ƙungiyar Jami'ar Nebraska kaɗai ke sa gaban mutane faɗuwa sai ya ɗauka ina ƙari ne. Wallahi ba ƙari. Daga 1993 zuwa 1997 wasa 60 suka ci, uku kacal aka ci su, kofin ƙasa uku a cikin shekara huɗu, 1994 da 1995 da 1997, a ƙarƙashin koci Tom Osborne. Wasan ƙarshe na kakar 1995 da suka yi da Fulorida an tashi 62 da 24, kuma Fulorida ɗin ita ma babu wanda ya ci ta a kakar kafin ranar. Na kalli bidiyon wasan nan ya fi a ƙirga, musamman gudun da Tommie Frazier, mai jagorantar harin Nebraska, ya yi mutane na rataye a jikinsa yana kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya, har yau in na gani tsigar jikina sai ta tashi.

To ƙungiyar nan rabonta da ta ɗauki ko kofin rukuninta tun 1999. Abun yana min ciwo sosai, shi ya sa na daɗe ina bibiyar yadda aka yi.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, a ƙwallon jami'a ba a sayen ɗan wasa a ajiye shi shekara goma. Yaro ne zai gama sakandare yana da shekara 17 ko 18, shi ke zaɓar inda za shi, ya yi shekara uku ko huɗu ko biyar ya wuce. Kenan duk shekara sai ka koma gidajen mutane ka zauna a falo ka shawo kan yaro da iyayensa. Shi kuma yaron bai san 1995 ba, ba a ma haife shi ba, abin da ya gani a talabijin tun yana ɗan shekara goma shi ne duniyarsa. In ka yi shekara bakwai ba a ganin ka a manyan wasanni na ƙarshen kaka, a wurinsa kai ƙungiyar babansa ce. Tsofaffin magoya baya suna nan suna kirga kofuna a kabad, yaran da za su kawo na gaba sun riga sun wuce wani wuri. Nan ne faɗuwar take farawa kuma ba ta yin ƙara.

Ita Nebraska dama can a kan siraɗi take, jihar mutanenta ba su wuce kusan miliyan biyu ba, ba ta fitar da zaratan yara da yawa kamar Teksas ko Fulorida ko Jojiya. Abin da ya riƙe ta shi ne tana da salonta, wasan gudu da ƙwallo a ƙasa wanda mai jagorantar hari ke zaɓar ya riƙe ko ya miƙa a cikin ƙiftawar ido, ga yaran karkara da ke zuwa ba tare da tallafin karatu ba su yi shekaru suna ɗaga ƙarfe har su zama katanga, ga masu horarwa da suka yi shekara ashirin talatin a wuri ɗaya kowa ya san aikinsa. Ba sai sun samu yaron da kowa ke rububi ba, suna neman wanda ya dace da salon ne su gina shi.

Sai ga 2003. Frank Solich, wanda ya gaji Osborne, ya gama kakar da ci 9 rashi 3, aka kore shi. Gaskiya ne an ji kunya a 2001 lokacin da Kolorado ta zura musu 62, Miami kuma ta lallasa su a wasan kofin ƙasa, 2002 ma an gama kakar da ci 7 rashi 7. Amma mutumin da ya ci wasa 58 a shekara shida fa? Aka kawo Bill Callahan daga gasar ƙwararru ya zo da salon jifa, ya watsar da abin da gidan ya ginu a kai, kakarsa ta farko aka tashi da ci 5 rashi 6, karo na farko a cikin shekara 35 da Nebraska ba ta je wasan ƙarshen kaka ba, wanda sai ƙungiyar da ta ci isassun wasanni ake gayyata. A ganina ranar da aka kori Solich ranar ce aka sare reshen da ake zaune a kai. Kuma ba su daddara ba, koci Bo Pelini bai taɓa cin ƙasa da wasa tara a kaka ba daga 2008 zuwa 2014, shi ma aka sallame shi. Eh, yana da zafin rai, kuma a manyan wasanni ana yi masa mugun ci, ban musa ba, amma waɗanda suka biyo bayansa ko kusa da taran ba su riƙa zuwa ba in ban da kaka ɗaya.

A tsakiyar haka kuma a 2011 suka bar rukunin Big 12 suka koma Big Ten. Kuɗin talabijin ya ƙaru ƙwarai, sai dai sun daina zuwa Teksas wasa duk shekara, alhali da can koci zai iya ce wa uwa kar ki damu za ki riƙa ganin ɗanki kusa da gida. Wannan magana ta ƙare.

Na Scott Frost ne ya fi karya min zuciya. Ɗan gida ne, shi ya jagoranci harin ƙungiyar da ta ɗauki kofin 1997, ya dawo a matsayin koci daga UCF, wata jami'a a Fulorida, inda ya ci duka wasanni 13 a 2017, kowa ya ce shikenan an dawo. Ya tafi da ci 16 rashi 31. A 2021 sun sha kashi tara, takwas daga ciki da tazarar da hari ɗaya zai goge, kullum kamar za a ci sai a kuskure a mintunan ƙarshe. Son ɗan gida bai isa ba in aikin yau da kullum bai tsaya ba.

Yanzu dubi Alabama, don mutane sun manta ita ma ta ɗanɗana. Bayan kofin 1992 ta shiga takunkumin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, aka rage mata yawan tallafin da za ta ba yara, ta yi ta canza koci, har akwai Mike Price da aka ɗauka aka kora a 2003 bai jagoranci ko wasa ɗaya ba. A Janairun 2007 suka ɗauko koci Nick Saban da kwantiragin dala miliyan 32 na shekara takwas, a lokacin mutane sun ce hauka ne. Kakar farko ci 7 rashi 6, har ƙaramar ƙungiya Louisiana-Monroe ta zo gidansu ta ci su. Amma babu wanda ya taɓa shi, an sakar masa komai, shi kuma ya sa ƙarfinsa wajen farautar yara, a 2008 ya kawo su Julio Jones da Mark Ingram, 2009 suka ɗauki kofin ƙasa ba a ci su ko sau ɗaya ba, Ingram ya zama ɗan wasan Alabama na farko da ya samu kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan shekara. Kofi shida ya kawo musu kafin ya ajiye aiki a Janairun 2024.

Bambancin da nake gani, Alabama tana zaune ne a tsakiyar gonar, yaran kudu suna nan kewaye da ita ko lokacin da take kwance, abin da ta rasa mutum ɗaya ne da zai iya girbi kuma a bar shi ya yi. Teksas ma haka, ta yi ta tangal-tangal tun 2010 har Kansas ta ci ta, amma da koci Steve Sarkisian ya samu shekara uku sai ga ta a cikin huɗun ƙarshe na gasar kofin ƙasa a 2023. Nebraska kuwa ko ta samu koci nagari sai ta hau jirgi ta je neman yara a jihohin wasu, don haka kuskure ɗaya nata yana cin shekarun da na wasu ba ya ci.

Abin da ya ba ni ɗan fata shi ne dokokin sun canza. Tun Yulin 2021 ɗan wasa na iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa, kuma yana iya sauya jami'a ya buga nan take, gasar kofin ƙasa ma daga ƙungiya huɗu ta koma 12 a 2024. SMU, wata jami'a a Teksas da aka hana wasa gaba ɗaya a 1987 saboda biyan 'yan wasa a ɓoye, wadda ta yi sama da shekara ashirin ba ta je wasan ƙarshen kaka ba, sai ga ta cikin 12 ɗin nan a 2024, bayan attajiran tsofaffin ɗalibanta sun tsaya mata ta shiga rukunin ACC ta haƙura da kason kuɗin talabijin na shekaru. Wato yanzu wanda ke da magoya baya masu zuba kuɗi zai iya gajarta hanya.

Magoya baya kuwa Nebraska tana da su. Tun 1962 tikitin kowane wasan gida a Linkon, garin da jami'ar take, yana ƙarewa, ranar wasa filin kaɗai ya fi kowane gari a jihar yawan mutane in ka cire Omaha da Linkon ɗin. A Nuwamban 2024, shekara ta biyu ta koci Matt Rhule, suka ci Wisconsin 44 da 25, nasara ta shida kenan a kakar, wadda ta ba su damar zuwa wasan ƙarshen kaka karo na farko tun 2016. Mutane suka ɓarke suka cika filin suna rungumar juna. Na san akwai masu cewa abin kunya ne gidan da ya ɗauki kofin ƙasa biyar ya yi murnar nasara shida, ni dai da na ga ɗaliban nan da yawancinsu suna firamare rabon da ƙungiyarsu ta je ko'ina, idona sai da ya kawo ruwa. Bayan wata guda suka je Niyok suka ci Boston College 20 da 15, aka rufe kakar da ci 7 rashi 6.