Hanyar da Mama Ta Bi Daga Jos Zuwa Winnipeg

Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Abuja ya dire Kanada kai tsaye. Duk mai zuwa inda muke zaune, wato Winnipeg a lardin Manitoba, sai ya yada zango a wata ƙasa, galibi ya sake sauka a Toronto ko Montreal, sannan ya hau na cikin gida. In kuma daga Jos ya fito, tafiyar tun daga mota take farawa: a gangara Hawan Kibo, a bi ta Akwanga da Keffi, a kwana Abuja. Filin jirgin Jos da ke Heipang yana nan, amma masu sauka can ba su da yawa, kuma galibi Legas suke nufa.

Lokacin da na biyo maigidana nan, ban damu da wannan lissafi ba. Ƙuruciya ce, ga Turanci a baki, duk inda aka ajiye ni zan nemi ƙofa. Abubuwan da suka dame ni daban ne. Mu mutanen Jos muna tinƙaho da sanyi, muna yi wa Kanawa dariya in sun zo a Disamba, sai ga ni a garin da sanyi ke kai maki 30 ƙasa da sifili, gashin ido na daskarewa kafin bas ta iso. Alƙibla ta koma arewa maso gabas. Na koyi aikin dare, na koyi sayen naman halal da yawa in zuba a firiza, na san ranar da ake samun Hausawa a babban masallacin da ke titin Waverley. A hankali gari ya zauna mini.

Haihuwa ce ta nuna mini abin da ba a saya da dala. Babu mai dama kunun kanwa, babu mai dafa ruwan wanka, babu wadda za ta karɓi jariri ki runtsa. Da bizar Mama ta fito, sai zancen hanya ya tashi, kuma a nan muka kai ruwa rana da Yaya, wanda shi ke riƙe da gida a Jos tun rasuwar Baba.

Wani mai sayar da tikiti ya haɗa masa tafiya mai sauƙin kuɗi, ya turo mini hotonta. Na duba na ga ta bi ta Amurka.

"Yaya, wannan ba za ta yiwu ba," na ce masa.

"Ke dai kin saba kashe kuɗi. Ai ba shiga ƙasar za ta yi ba, wucewa kawai za ta yi."

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya, a Amurka babu wucewa kawai. Ko awa ɗaya za ka yi, sai ka bi ta hannun jami'an shige da fice, kuma sai da bizarsu. Tun a Abuja za a hana ta hawa."

Ya yi shiru, sannan ya ce in zaɓa da kaina tunda ni ce 'yar boko. Ban ji haushi ba. Mutumin da bai taɓa riƙe koren fasfo a filin jirgin waje ba, bai san cewa taswirarmu daban take da ta sauran jama'a ba.

Turai ita ce gajeriyar hanya. Daga Abuja zuwa Frankfurt ko Landan awa shida da wani abu ne, daga can zuwa Toronto kamar takwas. A ƙa'ida ɗan Nijeriya yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin Jamus ko na Ingila ba, amma ana ɗauke wa wanda ke da ingantacciyar bizar Kanada kuma can ya nufa. A Jamus, sharaɗin shi ne ya zauna cikin sashen masu wucewa. Da zarar tikiti ya ce a sauka Frankfurt a sake hawa zuwa wani birnin Turai kamar Paris kafin a tsallaka teku, to an shiga ƙasa ke nan, hukuncin ya canza. Irin waɗannan tikitocin su ne suka fi arha, kuma dalilin arhar ke nan.

Hanyar Habasha mutanenmu sun san ta sosai. Abin da ba kowa ke lura da shi ba, gabas ake fara yi wajen awa biyar, sannan a juyo yamma a sake ratsa duk abin da aka baro. Adis Ababa kuma tana kan tudu mai tsayin mita 2,300 da 'yan kai, kusan ninkin na Jos. Iskar can ba ta da kauri, babban jirgi ba ya iya tashi da cikakken mai da cikakken kaya, shi ya sa mai zuwa Toronto kan tsaya a Turai ya sha mai, fasinja na zaune a kujerunsu. Ga mai ciwon gwiwa kamar Mama, wannan zama ne mai tsawo. A dawowa babu wannan tsayawar. Doha kuwa filinta tsaf, ga masallatai, amma ta fi kowacce nisa.

Istanbul muka zaɓa. Abincin jirgin halal ne ba sai an roƙa ba, akwai wurin alwala da masallaci a cikin filin, kuma tsohuwa mai hijabi ba baƙuwar ido ba ce a can. Aibinsa ɗaya: girma. Tun da aka koma sabon filin a 2019, tafiya daga wata ƙofa zuwa wata kan cinye mutum mai lafiya ma. Saboda haka tun wajen sayen tikiti na sa a rubuta mata keken guragu. Kyauta ne. Mama ta ƙi da farko, wai ita da ke zuwa kasuwar Terminus da ƙafarta za a tura kamar mara lafiya. Na ce mata, "Mama, ba don ƙafa ba ne, don hanya ne. Mai tura keken shi ya san ƙofa, shi zai kai ki har bakin jirgi." Da haka ta yarda.

Abu biyu na dage a kansu fiye da sunan kamfani. Na farko, tikiti ɗaya tun daga Abuja har Winnipeg. In guda ne, jirgi ya makara, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba. In biyu ne aka manna, kai za ka ɗauki kayanka ka sake awo, wanda ke nufin fita ta shige da fice a ƙasar da ba ka da bizarta. Na biyu, tazarar zango. Awa ɗaya da rabi tana da kyau a takarda, amma jinkiri kaɗan daga Abuja ya isa ya cinye ta. Awa goma sha biyu kuma azaba ce, domin otal ɗin da wasu kamfanoni ke bayarwa yana cikin gari, shiga gari kuwa sai da biza. Tsakanin uku zuwa biyar ya fi mini.

Zangon da mutane suka fi rainawa shi ne na Toronto. A filin farko da ka taka a Kanada ake yi maka tambayoyi, a nan ake buga wa ɗalibi takardar izinin karatu, a nan kwastan ke duba kaya. Layi kan yi tsawo, musamman a Agusta da farkon Satumba lokacin da ɗalibai ke kwararowa. Na bar mata awa huɗu, na kuma rubuta wasiƙa da Turanci mai ɗauke da sunana, adireshina, lambata da dalilin zuwanta, Yaya ya buga ya saka mata cikin fasfo tare da katin rigakafin shawara.

Rigimar kaya a gidan Goggo da ke Lugbe, Abuja, aka yi ta, daren tafiya, ina kallo ta bidiyo. Jaka biyu, kowacce kilo 23. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, kanwa, garin kunu da acca duk sun shiga. Kilishi da dambun naman da maƙwabta suka haɗo mini na ce a fitar. Kanada ba ta barin nama daga Nijeriya ya shiga, kuma wanda ya ɓoye abinci bai bayyana ba tararsa na iya kai dala 1,300. Goggo ta ce, "Yanzu 'yar nan mai jego ce za a hana nama?" Yaran gidan dai sun yi murna. Magungunan hawan jini da rigar sanyi da safa muka sa a jakar hannu, na tuna mata ta yi ƙasaru ta haɗa salloli, tunda rana ba za ta faɗi da wuri ba in ana bin ta yamma.

Ta iso lafiya, ta gaji tilis, tana ba da labarin wata Baturkiya da ta riƙe mata jaka har ta idar da salla. Kwanakin farko da ƙarfe biyun dare take farkawa, saboda agogon Jos ya riga namu da awa bakwai a lokacin sanyi, sai hakan ya zo daidai da kukan jariri. Yanzu matan Hausawan nan gidana suke taruwa ran Asabar shan kunu, wasu da ban taɓa sanin suna garin ba.

Saura hanyar komawa. Wata daga cikinsu ta gaya wa Mama cewa tun 2023 Saudiyya ta fito da bizar yada zango ta awa 96 wadda ake yin umara da ita, kuma akwai jirgi daga Toronto zuwa Jidda. Tun ranar ba ta sake ambaton Istanbul ba. Ta ce in an sauke ta a Kano ma babu komai, ta san tashar motar Jos.