Abin da na koya wajen bibiyar wani ɗan tsuntsu marar ado a dajin Perth

A cikin dangin tsuntsaye masha-zuma, waɗanda nau'o'insu suka kai kusan 190 kuma mafi yawansu suke zaune a Ostireliya da tsibirin Niyu Gini, da wuya a sami wanda ya kai wanda masana suke kira Lichmera indistincta rashin ado. Masana biyu, Vigors da Horsfield, su ne suka fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1827. Tsawonsa bai cika wuce santimita 15 ba, nauyinsa kuwa kimanin giram 10 ne, kuma yawancin jikinsa ruwan ƙasa ne mai sirkin toka. Duk da haka, babu tsuntsun da ya koya mini aikin lura kamarsa a lokacin da nake karatun ilimin halittu a birnin Perth na jihar Ostireliya ta Yamma.

Aikin da aka ba mu shi ne ƙidayar tsuntsaye a Kings Park, wani gandu mai faɗin kimanin hekta 400 da ke kallon kogin Swan, wanda kashi biyu cikin uku nasa daji ne da aka bari yadda Allah ya yi shi. Mun bi tsarin da ƙungiyar BirdLife Australia ta shimfiɗa: a keɓe fili mai hekta 2, a yi minti 20 ana rubuta duk abin da aka gani ko aka ji. Minti 20 ba su da yawa, saboda haka wanda ya tsaya jiran tsuntsu ya fito fili ya zauna masa zai koma da takarda fara.

A nan na gane cewa kunne yana riga ido aiki. Wannan ɗan tsuntsu yana da murya mai ƙarfi da daɗi wadda ba ta yi daidai da jikinsa ba, har masu bibiyar tsuntsaye da yawa suna ɗaukarsa gwanin waƙa a cikin danginsa. Sau da yawa ana jinsa tun kafin a gan shi, kuma idan mutum ya riƙe salon kukan, ya san inda zai kai madubin hangen nesa tun kafin ganye ya motsa. Na koyi tsayawa cak a farkon kowace ƙidaya ina saurare, in rarrabe muryoyin da ke tashi, sannan in fara neman masu su.

Bayan kunne sai tsiro. Masha-zuma suna bin fure ne, don haka wanda ya san abin da ke fure a wannan wata ya rage wa kansa rabin wahala. A watannin sanyi na can, wato wajen Yuni da Yuli, nakan tsaya kusa da itatuwan banksiya, idan kuma Satumba ta kama sai in koma wajen tsirran girebiliya da furen nan ja da kore mai siffar ƙafar kangaru, wanda shi ne tambarin jihar Ostireliya ta Yamma. A kan wani furen banksiya ne na fara ganin yadda yake cin abinci daga kusa: ya maƙale da ƙafafu, kai a ƙasa, ya zura siririn bakinsa mai ɗan lanƙwasa cikin furen, ya zaro, ya matsa gaba kaɗan ya sake zurawa, goshinsa ya yi butu-butu da garin fure. Ƙarshen harshensa a tsattsage yake kamar kan asuwakin da aka tauna, da shi yake kwaso ruwan zaƙin. Garin da ya shafa a goshi kuwa, shi zai kai wa fure na gaba, kuma ta haka ne tsirrai masu yawa na wannan yanki suke samun iri.

Tantance shi da ido shi ne wurin da ake bukatar haƙuri, domin alamominsa ƙanana ne. Akwai ɗan tabo rawaya a bayan ido, wanda ba kullum yake fitowa sarai ba, sai kuma rawaya mai duhu a gefen fukafukai da wutsiya. Abin da ya fi taimakona shi ne kawar da maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya. Mai zanen baƙi da fari da farin ido wani nau'i ne daban, mai baƙin layi da ya ratsa ido shi ma daban, babban nan kuma mai jan leɓe a wuya, wanda nauyinsa ya haura giram 100, babu yadda za a yi a rikita shi da kowa. Wannan babba shi ne azzalumin wurin, kullum cikin korar ƙananan yake daga furanni masu yawan zaƙi, su kuwa sai su fake cikin ganye su jira ya kau da kai. A ganina, wanda bai tsaya ya kalli wannan zarya ba bai san tsuntsun ba, ko da ya iya faɗin sunansa.

Bahaushe da ya ga wannan tsuntsu zai tuna da sha-kauci, wanda yake bin furen kauci a itatuwanmu da baki iri ɗaya. Kamannin na cima ne kawai, domin dangin biyu ba su haɗa asali na kusa ba. Dukansu kuma ba sa dogara da zaƙi kaɗai, suna haɗawa da ƙwari da gizo-gizo, musamman idan suna ciyar da 'ya'ya.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na rubutu. Malamarmu ba ta yarda a rubuta suna kawai ba, sai an faɗi abin da aka gani har aka kai ga sunan, da lokaci, da irin tsiron da tsuntsun yake kai. Batun jinsi ya nuna mini dalilinta. A lokacin hayayyafa fatar kusurwar bakin namiji takan zama baƙa, ta mace kuwa rawaya ce a kodayaushe, amma idan lokacin ya wuce ta namijin ma takan koma rawaya. Ke nan baƙar kusurwa shaida ce ta namiji, rawaya kuwa ba ta tabbatar da komai. A irin wannan hali ana barin gurbin jinsi ne babu komai, domin bayanan suna shiga rumbun da wasu masu bincike za su dogara da shi shekaru masu zuwa.

Haka nan an hana mu kunna muryar tsuntsu a waya don a jawo shi, an kuma hana mu matsawa kusa da sheƙa. Sheƙarsa ƙarama ce mai zurfi, ta ɓawon itace da ciyawa da aka ɗaure da saƙar gizo, yawanci a rataye cikin ƙaramin itace ba nesa da ƙasa ba, da ƙwai biyu a ciki. Macen ce take kwanci har kusan mako biyu, kuma hankakin wurin yana lura da inda mutane suke yawan tsayawa don ya gano sheƙa. Idan muka gano sheƙa, mukan rubuta wurin daga nesa mu canza hanya, ba ma sake bi ta nan sai 'ya'yan sun tashi.